Milimita Huɗu a Cikin Injin Fijo

A takardun tsofaffin motocin Peugeot, waɗanda Kanawa ke kira Fijo, akwai wata lamba da ba kasafai mai mota ke kula da ita ba: 1618, 1796 ko 1971. Ta ƙarshen ta yi kama da shekara, amma girman cikin inji take nufi, wato yawan iska da fetur da silindoji ke iya zuƙa idan kowane fistan ya sauka sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Da cc ake auna shi, kuma cc ɗaya daidai yake da mililita ɗaya. Injin 504 mai lamba 1971 silinda huɗu gare shi, kowace tana ɗaukar kusan cc 493, ƙasa kaɗan da ledar fiya-wata guda.

Hanya biyu ce ake ƙara wannan girma: ko a faɗaɗa ramin silinda, ko a tsawaita tafiyar fistan a cikinsa. Kamfanin Peugeot ya bi duka biyun a dangin inji guda. Injin 404 faɗin silindarsa milimita 84 ne, tafiyar fistan 73, ya ba da cc 1618. Da 504 ta fito a 1968, aka bar faɗin yadda yake, aka kai tafiyar 81, ya koma 1796. A 1970 kuma aka bar tafiyar, aka buɗe faɗin zuwa 88, sai ga 1971. Milimita huɗu kacal suka haifi ƙarin cc 175, kusan kashi goma cikin ɗari, domin abin da rami ke ɗauka yana ƙaruwa ne da faɗinsa sau faɗinsa.

Waɗannan milimita huɗu ne suka hana wani magidanci a Goron Dutse barci na wasu makonni. Ma'aikacin banki ne, shekarunsa sun doshi arba'in. Da aka zo rabon gadon mahaifinsa, aka yi wa wata tsohuwar 504 kuɗi, ya biya 'yan'uwansa kasonsu ya riƙe ta, suna yi masa dariya don ta shekara goma a jibge a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Takardunta sun ce 1796. Shi kuwa ya daɗe yana kallon hotunan 504 a intanet, ya san ba tasi da motar ofis kaɗai aka yi da ita ba. Ita ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Da ita Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin gasar da samfurinta mai ƙofa biyu da silinda shida. Tunda ko ta yaya sai an sauke injin an buɗe shi, ya ga babu dalilin mayar da shi ƙarami kamar yadda ya same shi.

Bakaniken da ya kai wa aikin shi ne wanda ya yi wa mahaifin gyara tun motar tana sheƙi, dattijo ne da hannunsa ya fara rawa amma kunnensa bai tsufa ba.

"Baba, so nake a yi masa borin, a kai shi 2.0," in ji magidancin.

"Ɗana, wa ya ce maka ana yi wa Fijo borin kamar babur?"

Dattijon yana da hujja. A yawancin injuna, ramin silinda a jikin bulon ƙarfen yake, idan ya cinye sai a kai wa masu injin borin su yashe shi kaɗan, a sa fistan mai ɗan girma: rubu'in milimita, rabi, har zuwa milimita ɗaya. Masu A Daidaita Sahu sun san wannan aiki sarai. Gyara ne, ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Ko da za a yashe injin 1796 da rabin milimita, cc 21 kawai za a samu. Injin 504 kuwa an yi shi da wasu bututan ƙarfe huɗu da ake zurawa a cikin bulo, kanikawa na ce musu silib, ruwan lagireto yana zagaya jikinsu kai tsaye. Idan sun cinye, zare su ake yi a sa sababbi tare da fistan da rin ɗinsu, inji ya koma yaro. Wannan na cikin abin da ya sa motar ta yi ƙarko a ƙasashen da ƙura ke cin ƙarfe, daga Kano har Agadas.

Sai dai silib mai faɗin 88 yana buƙatar mazaunin da aka yi dominsa. A taɓa mazaunin a bulon asali, to an taɓa ke nan, ƙarfen da aka yashe ba ya dawowa. Kuma aikin bai tsaya nan ba. Idan aka ƙara abin da silinda ke zuƙa, aka bar ɗan kogon da wuta ke tashi a kan inji yadda yake, matsi ya ƙaru: injin da ke matse iska ninki takwas da rabi zai haura tara. Matsi mai yawa yana son fetur mai kyau, idan bai samu ba sai man ya riƙa kamawa da kansa ba a kan lokaci ba, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda a hankali take cin kan fistan. Ƙarin wuta kuma ƙarin zafi ne, a garin da watan Afrilu ke kai awon zafi 40, a cunkoson titin Aminu Kano inda iska ba ta dukan lagireto. Ga kafireto da aka auna wa ƙaramin inji, ga gaskit, ga birkin da zai tsayar da abin da aka ƙara wa gudu. Injiniyoyin Faransa da suka buɗe milimita huɗun nan sun sake auna sauran kayan tare da su. A nan ne masu gyaran sha'awa suka fi yin tuntuɓe, a Kano ko a Ingila, inda masu tsofaffin MG da Triumph ke irin wannan muhawara.

Duk da haka burin magidancin ba wauta ba ne, kuma dattijon bai ce wauta ba ce. Ƙarin kashi goma ana jin sa a ƙafa, musamman wajen tashi da hawa tudu, ko wuce tirela a hanyar Katsina ba tare da an sauko da giya ba. Abin da ya fi wahalar karewa shi ne lissafin aljihu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira dubu a 2024, mutane na neman mayar da motocinsu masu amfani da gas, shi kuma yana neman inji mai faɗin maƙogwaro. Amsarsa ita ce motar Juma'a da Sallah ce, ba ta zuwa aiki ba. Amsa ce mai karɓuwa ga mai wata motar a ajiye.

Abin da ya raba gardamar daga cikin gida ya fito. Mahaifiyarsa ba ta san cc ba, amma da ta ji ana maganar yashe inji, sai ta ce shekara da shekaru da ƙarar motar nan take gane maigidan ya shigo layi, ta tashi ta ɗumama tuwo. "Ka yi mata fenti, ka sake kujeru, amma abin da Alhaji ya bari a ciki kada a lalata shi." Lambar da aka buga a jikin bulon ita ce a takardun da ke ɗauke da sunan mahaifin.

Sai dattijon ya kawo shawarar da ta fi tsada kaɗan. Suka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, suka yi kwana uku suna juya tsofaffin injuna, har suka samu na 1971 cikakke da kansa da kafiretonsa, bulonsa babu tsaga. Shi aka sa wa sababbin silib da fistan, aka wanke lagireto, aka ɗora a motar, magidancin ya fara zirga-zirgar gyara lambar inji a takardu. Na asalin kuma aka zuba mai a silindojinsa, aka toshe ƙofofinsa da tsumma, aka ɗora shi a kan tsohuwar taya a shagon zaure. Dattijon ya kafa sharaɗi biyu: a riƙa juya na ajiyen da sifana duk wata don kada ya cije, sabon kuma kada a taka shi sosai sai ya ci kilomita dubu an sake masa baƙin mai.