Kufan Bakin Jan Volta

Duk wanda ya saba bin hanyar Bolga zuwa Bawku ya san Nangodi, ƙasar Nabdam mai duwatsu, inda ake gangarawa a haye kogin Jan Volta. Mu 'yan zango yawanci wucewa kawai muke yi da kayan kasuwa. Wannan karo muka sauka, muka taka zuwa bakin ruwa, muna duba ƙasa mai kyan noma da aka daɗe ana gudunta.

Abin da ya kori mutane kuwa wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda ne mai hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. In ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa, ita kuwa takan yi shekara goma ko fiye a jiki tana zuba 'ya'ya. Da ƙaiƙayi ake farawa, a ƙare da sanda da ɗan jagora.

Likita kan gane cutar a jikin majiyyaci, amma ba zai iya faɗin dalilin da gari guda ya watse ba. A 1966 wani masanin labarin ƙasa, John Hunter, ya buga bincikensa kan Nangodi. Ya bi kufai yana sa su a taswira, ya haɗa da abin da dattawa suka riƙe a ka. Ra'ayinsa shi ne, abin zagayawa yake yi: gonakin tudu su gaji, yunwa ta tura jama'a kwari, makanta ta koro su, bayan wani zamani jikoki su sake gangarawa. Wato ba rashin wayo ya kai su ba, ciki ne. A 1978 masanin tarihi David Patterson ya bi labarin cutar a arewacin Gana daga 1900 zuwa 1950. A ganinmu sai an haɗa su biyun da na likita kafin a fahimci wannan kwari.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin feshin koguna da jirage masu saukar ungulu, hedkwata tana Wagadugu. A 1987 kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta. An rufe shirin feshin a 2002, bayan ya kai ƙasashe 11. A 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Gana ba ta kai nan ba tukuna.