Ashe hakin Dada ba tsufa ba ne

Ranar da na fara lura, Dada, mahaifiyarmu, ta idar da sallar la'asar a gidanmu da ke unguwar Lokuwa a Mubi, sai ta zauna a kan darduma tana haki kamar wadda ta hau dutse. Na ce, "Dada, lafiya kuwa?" Ta ce, "Tsufa ne, 'yar nan." Ni ma na yarda.

Shekararta 11 tana fama da ciwon suga. Mu 'ya'yanta idonta da ƙafarta muke sa wa ido, domin su ne ake tsoratar da mutane a kai. Zuciya kam ba ta taɓa faɗo mana a rai ba. Sai da ƙafafunta suka kumbura, silifas ya ƙi shiga, kuma ba ta iya barci sai ta jingina da matashi uku, sannan Yaya ya kai ta asibiti. Daga nan aka tura mu Yola, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, domin a yi mata hoton zuciya.

Bayanin da likita ya yi mana shi nake so in isar wa masu karatu. Zuciya tsoka ce da ke bugawa kusan sau 100,000 a rana, ita ma sai ta samu jini take aiki. Manyan jijiyoyin da ke kai mata jini suna rarrabuwa zuwa ƙanana, waɗanda silin gashi ma ya fi su kauri. Idan suga ya daɗe yana da yawa a jini, yakan lalata bangon waɗannan ƙananan, su kasa buɗewa a lokacin da zuciya ke buƙatar ƙarin jini. Nan take na tuna da lambunan rani na bakin kogin Yedzaram: babbar hanyar ruwa tana iya zama a buɗe, amma idan ƙananan magudanai suka toshe, shuka sai ta yi yaushi.

A hankali tsokar takan yi tauri, ta kasa sakewa ta cika da jini yadda ya kamata. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Shi ne hakin, shi ne kumburin. Ciwon suga kuma yakan lalata jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, don haka wani har ya samu bugun zuciya bai ji ciwon ƙirji ba.

Daga baya na gano cewa abin ba sabo ba ne. Tun a 1972 wata likita a birnin New York, Shirley Rubler, ta yi bayanin wannan larura. Binciken Framingham na Amurka kuma ya nuna a 1974 cewa haɗarin gazawar zuciya ya haura ninki 2 ga maza masu ciwon suga, ga mata kuwa ninki 5.

Yanzu Dada tana shan maganin rage ruwa da na hawan jini, an kuma sauya mata na suga. Mun rage gishiri da dunƙule a miyar kowa, don kada ta ji an ware ta. Duk bayan wata 3 ana yi mata gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganta ya kasance a tsawon lokacin. Da safe takan ɗan taka zuwa bakin layi ta dawo.

Idan akwai mai ciwon suga a gidanku, ku saurari numfashinsa, ku dubi idon sawunsa, ku lura da yadda yake kwanciya. In kun je asibiti, ku roƙi likita ya duba zuciyar ma.

Jiya Dada ta yi barci da matashi ɗaya. Allah Ya ƙara mata lafiya, da duk marasa lafiyarmu.