Zoben dutse ado ne, ba ajiya ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga ya dace mu tattauna ta a nan.

Tun da aka fara haƙar shuɗin dutsen nan da ake kira safaya a tsaunin Mambila, wajen Nguroje a ƙaramar hukumar Sardauna, sha'awar duwatsu ta shiga jama'armu a Jalingo. Labarin waɗanda suka tsinci dutse guda suka yi kuɗi ya bazu, sai kowa ya ɗauka duk dutse dukiya ne. Yanzu za ka ga magidanci da zobba biyar ko shida, wannan aƙiƙ, wancan fairuz, wancan safaya. Mata kuma ana ta sayen sarƙa da ɗankunne masu duwatsu, kowane biki da sabon saiti. In ka yi magana sai a ce ai ajiya ce.

Ni da nake riƙe da littafin ƙungiya, ina ganin inda wannan ajiya take ƙarewa. Kwanakin baya wani ɗan uwa ya zo neman rance don kuɗin makarantar yara. Ya riga ya zagaya kasuwa da zobbansa, abin da aka taya bai kai kusa da abin da ya kashe ba. Mutum ne mai sana'a, bai yi caca ba, bai yi shaye-shaye ba. Sha'awa ce kawai ta cinye jarin a hankali.

Dalilin a fili yake. Gwal yana da farashin da duniya ta sani, ana auna shi da giram, ana duba karat ɗinsa, ko 18 ko 21 ko 22. Ko shi ma, ranar sayarwa kuɗin ƙira ya tafi, kuma mai saye yakan cire nauyin dutsen da ke jiki. Shi dutse ba shi da tsayayyen farashi, abin da mai saye ya faɗa shi ke nan. Yawancin safayar da ke kasuwar duniya an gasa ta da wuta don launinta ya fito, musamman a ƙasar Tailan. Kuma tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yakutu a masana'anta. Ido kaɗai ba ya bambance irin wannan da na ƙasa, sai masani da kayan gwaji. Mu nawa ne muke da su?

Ta fuskar addini ma akwai abin lura. A mazhabar Malikiyya, zoben azurfa ɗaya aka yarje wa namiji, wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba. Gwal ɗin da mace take sawa don kwalliya babu zakka a kansa, amma wanda aka tara don ajiya, in ya kai nisabi, wato kimanin giram 85, kuma ya shekara, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Duk wanda ya ce nasa ajiya ne, sai ya tambayi malami hukuncinsa.

Ban ce kada a yi ado ba. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi abin da ransa yake so, amma ya kira shi da sunansa, ya saya da rarar kuɗi. Kada a taɓa jari, ko kuɗin adashi, ko na haya. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa nawa zai karɓa in ka dawo masa da shi gobe. Amsarsa ita ce ainihin darajar abin.

Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya kare mu daga almubazzaranci.