Zanzibar Ta Wuce Kwanciya A Bakin Teku

Mai karatu, duk wanda ya tara kuɗin sa ya je Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, ya ƙare da kwanciya a kan rairayi, wallahi ya yi asara. Ni da na je, yawo na sa a gaba.

Fara da tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunan sa sai ka ce cikin birnin Kano, ga kiran salla ta ko'ina.

Da hantsi ka leƙa gonakin kanumfari da kirfa. Da magariba ka gangara lambun Forodhani, inda ake gasa kifi, ake matse rake a gaban ka. In ka dace da bikin finafinai na ZIFF, wanda aka fara a 1998, to a tsohon sansanin yaƙin garin za ka kalli fim, a fili, iskar teku na kaɗa ka.

Amma inda ya fi tsaya mani a rai shi ne kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Coci ne a wurin yanzu. Na shiga wani kurkuku a ƙarƙashin ƙasa, mai duhu da ƙunci, inda masu zagayawa da baƙi ke cewa nan aka riƙa tsare bayi. Jiki na ya yi sanyi.

Mu ma fa an sayar da mutane a Kasuwar Kurmi. Yaushe marubutan mu da 'yan fim za su ba mu wannan labarin?