Neman Wani Kaset na Shata a Ƙasar Gumel

Abokina ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, amma da ka ambaci Shata ya manta da atamfa ke nan. Yana da waƙoƙin marigayin a waya da kwamfuta da tsofaffin kaset cike da kabad, kuma ban taɓa jin ya ce sun ishe shi ba. Shi ya zo min da labarin wani dattijo a ƙasar Sule Tankarkar da aka ce yana riƙe da wata Bakandamiya wadda ba ta gidan rediyo ba ce, a filin wasa aka naɗe ta da rikoda. Na ce masa ai Bakandamiya ko a wayar ɗan acaɓa akwai ta. Ya yi min kallon tausayi ya ce, "Wacce daga ciki?" Da wannan tambayar ya ja ni har bakin iyakar Nijar.

Mun tashi daga Kano ranar Laraba da hantsi don mu riski kasuwar Maigatari da ke ci ran Alhamis. Ƙarshen kaka ne, an girbe gero an ɗaure, hazo ya fara sauka. Daga Gezawa zuwa Gujungu babu abin faɗa. Gujungun ma da yake ba ranar kasuwarta ba ce, rumfuna ne kawai a tsaye sai masu rake da ƙosai. Da muka karya arewa sai ƙasa ta fara sauya kama: rairayi ya karɓe, kuka tana tsaye tsirara, gawo kuwa ya fito da ganye kamar yadda ya saba in damina ta wuce. A gonaki an jingine riɗi yana shan iska, a bakin ƙauyuka an shanya zoɓo ja wur a kan tabarmi.

A cikin mota ne ya fara ba ni karatu. Ya sa min Bakandamiya uku a jere, kowacce da tsawonta, kowacce da mutanen da aka ambata a ciki. Gindin waƙar ɗaya ne, kiɗan kalangun ɗaya ne, amma ɗiyan da Shata yake ɗorawa sun sha bamban. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya bi tarihinsa. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ba ya rubuta waƙa, ba kuma ya zama ya tsara ta a gida ya kawo ta a ƙulle. Zai ba yaransa amshi su riƙe, shi kuma ya yi ta zubo ɗiya gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa da abin da ya faɗo masa a rai. Mutumin da ya yi fiye da rabin ƙarni yana haka, ba a cewa an mallaki waƙarsa don an samu naɗi guda. Shi ya sa masoyinsa na gaskiya ba sunan waƙa yake tambaya ba, daren da aka yi ta yake tambaya.

A Gagarawa mun tsaya ne kawai mu sha shayi kusa da inda layin dogo ya ratsa, wato layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, wanda ya kwashi gyaɗar wannan yanki shekara da shekaru. Mai shayin yana sauraren wani mawaƙin zamani a 'yar rediyonsa mai cin memori. Abokina ya tambaye shi ko yana da Shata. Ya ce akwai, amma sai dare, in dattawa sun zauna. Muka biya muka wuce.

La'asar sakaliya muka shiga Gumel. Garin yana da nasa taƙama, kuma da hujja. Masarautar Mangawa ce, wadda tarihinta ya fi karkata ga Borno fiye da tutar Sakkwato, kuma ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, duk a ƙarƙashinta suke. In ka ji an ce Lautai, nan ake nufi. Mai masaukinmu malamin makaranta ne, kuma bayan sallar isha ya kai mu majalisarsu a ƙofar wani gida, inda aka shimfiɗa tabarmi ana shan shayi. Ba mu daɗe ba abokina ya jefa zancen da ya kawo mu, majalisa kuwa ta kama da wuta.

Wani dattijo mai farin gemu, tsohon ma'aikacin gona, ya ce shi dai a bar masa Ɗanƙwairo. Hujjarsa ita ce a wurin Musa Ɗanƙwairo ƙungiya ce ke waƙa, ba mutum ɗaya ba: 'yan amshi suna karɓeɓeniya, wannan ya ɗauka wancan ya ƙarasa, kotso yana tafe da su ba ya wuce gona da iri, kuma da ya rasu a 1991 'ya'yansa sun ci gaba da kiɗan gidan. Wani ya ce duk ku tsaya, ga Haruna Uji nan maƙwabcinmu na Haɗeja da gurminsa, me ya sa kullum sai an tsallake na gida? Abokina ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ranku ya daɗe, wa ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa sarkin bori, ya yi wa kumbon da ya je wata, duk da kalangu ɗaya?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa. Waƙar Ɗanƙwairo gini ce da aka auna aka ɗora tubali kan tubali, shi ya sa magada suke iya zama a cikinta. Ta Shata kuwa ba ta zama sai yana tsaye a wurin, kuma wannan ne ya sa naɗin wasanninsa suka fi na kowa tsada a wurin masu nema.

Samarin da ke gefe ba su sa baki ba, suna ta latsa waya. Amma da aka kunna waƙar Shata ta Hassan Sarkin Dogarai, na ga ƙafar biyu daga cikinsu tana bin kiɗan.

Washegari da sassafe muka nufi Maigatari. Tun kafin ka shiga gari za ka fara gamuwa da tireloli a jere suna jiran lodin shanu zuwa kudu. Kasuwar dabbobin nan tana cikin manyan na arewa, kuma rabin hayaniyarta daga tsallaken iyaka take zuwa: Buzaye da rawunansu da raƙuma, Fulani da sanduna, mutanen Damagaram suna lissafi da sefa, dillalai suna riƙe hannun mai saye a ƙarƙashin riga. Ƙura ta tashi har ba ka gane launin hular mutum. A wani ɓangaren buhunan riɗi da zoɓo ne an tsibe su ana awo.

Mu dai ba saniya muka zo saye ba. Muka nemi rumfar masu tura waƙa, muka samu wani saurayi da kwamfutarsa a kan tebur, ga batir a ƙasa, ga wayoyin mutane rututu suna caji. Na tsaya na kalli cinikinsa. Wani Bafulatani ya miƙo memori a naɗe cikin leda ya ce a zuba masa Shata da wa'azi. Wani dattijo daga Nijar ya ce a haɗa masa Shata da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Yaron bai tambayi wace waƙa ba, ya ja jaka guda ya zuba, ya karɓi kuɗinsa. Abokina ya roƙe shi ya buɗe mana jakar. Waƙoƙi ne fiye da yadda ido zai ƙirga a tsaye, amma sunayensu abin takaici: wata lamba ce kawai, wata an rubuta "Shata tsohuwa", wata an sa mata sunan Garba Bichi alhali ta Umaru Ɗanɗanduna ce, wata kuma an yanke ta a tsakiya, daidai inda aka juya kaset shekaru da dama da suka wuce. Babu wuri, babu shekara.

Ba laifin yaron ba ne, shi ma haka ya same su. Ta hannun irinsa ne ma Shata yake isa rugar da ba ta da wuta. Amma abin da ya faru shi ne, duk lokacin da waƙa ta yi ƙaura, daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa faifan sidi, daga nan zuwa memori, sauti yana wucewa, labarinsa yana zubewa a hanya. A nan abokina ya ba ni labarin da ya tsaya min a rai. Ya ce akwai wata ƙungiyar makaɗa a Ingila mai suna King Crimson, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 da Shata ya waƙe ya sauka a wata. Su ma masoyansu irin cutar nan ke damunsu, ba sa ƙoshi da naɗin sutudiyo, sai na dandali, domin makaɗan ba sa maimaita kiɗa iri ɗaya. Bambancin kawai, nasu an adana shi da ranar wasa da garin da sunan kowane makaɗi, har ana sayarwa ta intanet. Mu namu yana cikin kawunan tsofaffi.

Ba wai ba a yi komai ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka tun 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Amma littafi ba ya bin kowane kaset ƙauye ƙauye.

Ran Juma'a muka komo Gumel muka yi yamma zuwa Sule Tankarkar, daga can kuma muka sauka daga kwalta muka bi burji da rairayi, mota tana tangaɗi, har ƙauyen da aka kwatanta mana. Bayan an sauko daga masallaci muka sami dattijon a zaure. Muka gaisa, aka kawo fura da ruwan randa. Abokina ya durƙusa ya ce, "Baba, wajenka muka zo, an ce kana da ajiyar Alhaji." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Yaro, tun daga Kano saboda wannan?" Ya aika jikansa ciki, aka fito da wata tsohuwar adaka. Ƙarƙashin takardun gona da wata rigar saƙi ya zaro kaset ɗin, a naɗe cikin tsumma, takardar jikinsa ta goge ba a ganin komai.

Ya sa biro a ramin ya murza a hankali har zaren ya ɗame, ya hura, sannan ya miƙa wa abokina, wanda ya zo da rikodarsa da sababbin batura. Da farko shuu kawai ake ji. Sai hayaniyar jama'a, sai muryar sanƙira yana kirari yana shelar wanda ya yi kyauta, sai kalangu suka shigo gaba ɗaya, ana jin yadda ake matse tsarkiya a hammata sauti ya hau ya sauka, kuntuku yana can sama yana yanka. Sannan muryar ta fito, ba ta gaggawa. A wani wuri ya katse ɗan waƙa ya gai da wani da ya shigo fili, mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka riƙe amshi suna juya shi har ya dawo. Duk wannan babu shi a naɗin gidan rediyo. Abokina, mutumin da ba ya rufe baki, bai ce uffan ba har gefen ya ƙare.

Tsohon ya ce a Kano aka yi wasan, lokacin yana zuwa cin rani, yana hawa jirgin ƙasa daga Gagarawa. Maigidansa ne ya sayi sabuwar rikoda ya ba shi ya riƙe a gaban fili, hannunsa har ya sage. Shekara fa? Ya ce bai riƙe lamba ba, amma an riga an bar fam da sule an koma naira, Murtala kuma yana da rai. Ke nan tsakanin farkon 1973 da Fabrairun 1976. Ka ga a jimla guda ya ba mu abin da jakar Maigatari kaf ba ta da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kunnensa. Ana cikin kiɗa sai ya ɗaga yatsa ya ce a saurari makaɗin hagu, shi ne ke jan ragamar sauran, in Alhaji zai sauya hanya shi yake fara ganewa. Ya siffanta mutumin, dogo, mai tsagen fuska, amma sunan ya ɓace masa. Wannan ya dame ni. Muna cewa Shata, Shata, kamar shi kaɗai yake tsayawa a fili, alhali akwai mutanen da suka ƙare rayuwarsu a bayansa, kalangu a hammata, amshi a baki, dare har asuba. In ka cire su, Bakandamiya ba ta tashi. Masoya nawa ne za su iya kawo sunan uku daga cikinsu?

Tsohon bai yarda ya sayar da kaset ɗin ba, abokina ma bai matsa ba. Ya dai bari muka kwafa a waya, muka kuma naɗi bayaninsa da bakinsa, muka rubuta ranar da sunan ƙauyen. Muka yi masa alheri, ya sa mana albarka, jikansa ya raka mu har bakin burji. Dare ya yi mana a hanyar Kano.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Waɗanda suka tsaya a gabansa suna samari a shekarun 1970 yanzu sun haura saba'in. Don haka duk mai tsohon kaset a gida, na Shata ne ko na Ɗanƙwairo ko na Uji, kada ya bari yara su warware zaren su yi wasa da shi. A kwafa, sannan a zauna da mai shi a tambaye shi ina aka yi, yaushe, bikin wa, su wa suka yi kiɗa, a rubuta a ajiye tare da sautin. Ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ga aikin bincike nan a ƙofar gidanku, kuɗin mota kawai yake buƙata.