Duwatsun Tongo, Lambun Da Ba Mutum Ya Jera Ba

Jama'a, a birnin Suzhou na ƙasar Sin akwai wani tsohon lambu da ake kira Lambun Zakuna. An gina shi a shekarar 1342. Abin kallonsa duwatsu ne masu ramuka da aka kwaso daga tafkin Tai, aka jera su da hannu wani kan wani, har suka yi lunguna da koguna. Mutum ya shiga ta nan ya ɓullo ta can. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

To, mu nan Tamale ba sai mun hau jirgi ba. In ka shiga mota a tashar Bolga da sassafe, ka wuce Savelugu da Walewale, ka ƙetare kogin Farar Volta a Pwalugu, kafin ka shiga Bolgatanga sai ka karya dama zuwa Tongo, ƙasar Talensi. Tafiyar duka wajen kilomita 160 ce.

Tun daga nesa za ka hango su. Manyan duwatsu ne, wani ya fi ɗaki girma, ya hau kan ƙarami ya zauna kamar yanzu zai gangaro, amma haka kakannin kakanni suka tarar da shi. Kukoki sun tsiro a tsakaninsu. A ƙauyen Tengzug gidajen ƙasa sun rakuɓe a gindin dutse, ana noman gero da dawa a 'yan filayen da ke tsakani. Lokacin hunturu iska kan bi ta tsagogin duwatsun ta yi ƙara kamar ana fito.

Cikin wani kogo a can sama akwai wurin bautarsu na gargajiya, Tongnaab. Mai son shiga sai ya tuɓe riga da takalmi. Musulmi ba shi da buƙatar shiga. Ya gai da masu gari da ladabi, ya tsaya wajen kallon ikon Allah, ya ishe shi.

Duwatsun nan sun ga yaƙi. A cikinsu mutanen Talensi suka fake suka ƙi bin Turawan Ingila. A 1911 Turawa suka kai musu hari, suka kore su daga kan tudun, suka hana zuwa wurin bautar. Hanin bai yi aiki ba. Sunan wurin ma sai ya bazu har Asante, inda ake ce masa Nana Tongo, daga baya kuma mutanen suka koma gidajensu.

A wannan shekara ta 2000 da lambun Sinawa ya sami shiga, Ghana ta sa Tengzug cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Har yau yana layin jira. Ga shi kuma haƙar zinariya ta kankama a gundumar, musamman wajen Gbane, kuma ƙasar da aka tona ba ta komawa yadda take.

'Yan uwa mutanen Zongo, da yawanmu muna bin hanyar nan zuwa Bawku ko Paga don fatauci, ba mu taɓa ratsewa ba. Malaman makaranta su shirya wa yara tafiya tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da iska ke kaɗawa. A ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a biya shi haƙƙinsa, a tafi da ruwan sha, kada kuma a rubuta suna a jikin dutse.