Bièvres: ƙaramin garin da masu sha'awar hoto suka ɗaukaka

Matafiyin da ya bar birnin Paris ya nufi kudu maso yamma, kafin ya ci kilomita 20 zai gangara cikin wani kwari mai yawan itatuwa, inda wani ɗan kogi ke gudu a hankali. Sunan kogin Bièvre, garin da ke bakinsa kuma Bièvres, cikin jahar Essonne. Mazaunansa ƴan dubbai ne kawai, amma duk mai harkar hoto a Faransa ya san sunansa.

Tun kafin zuwan hoto wannan kogi ya saba da masu sana'ar launi. Marina da majeman Paris a bakinsa suka yi ƙarnoni suna aiki, har ruwan ya ƙazanta, hukuma ta rufe shi ƙarƙashin ƙasa a cikin birnin, aikin da aka kammala a 1912. A Jouy-en-Josas, maƙwabcin Bièvres, Oberkampf ya kafa masana'antar buga zane a kan yadin auduga a 1760, wadda kayanta suka yi suna a kasuwannin Turai. Marubuci Victor Hugo ma ya sha sauka a wani babban gida na garin a shekarun 1830.

Labarin hoto kuwa ya soma ne a 1949, lokacin da Jean Fage da ɗansa André suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto don sha'awa, mai suna Photo-Club du Val de Bièvre. Don su nuna wa membobi inda sana'ar ta fito, uba da ɗa suka shiga tara tsofaffin akwatunan hoto, waɗanda a lokacin mutane ke zubarwa. Da rarrafe yaro kan tashi: a 1964 abin da suka tara ya zama gidan tarihin hoto, a 1986 kuma aka danƙa kayan ga hukumar jahar Essonne. Ƙungiyar ta buɗe mazauni a unguwa ta 14 ta Paris, dab da titin da ke ɗauke da sunan Daguerre, mutumin da aka bayyana wa duniya dabararsa ta kama sura a 1839.

Shekarar irin wannan ƙungiya tana tafiya ne tare da ta makaranta. A watan Satumba, bayan babban hutu, ake buɗe ƙofa, a rubuta sababbin membobi, a karɓi kuɗin shekara, a liƙa tsarin aiki. Nan malamin makaranta da likita da mai kanti da tsohon ma'aikaci mai fansho ke zama kujera kusa da kujera. Sabon shiga yakan zo da na'ura mai tsada da ɗoki mai yawa. Tsoffin hannu kuwa sukan mayar da shi ga abubuwa uku: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da take buɗe, da saurin da fim ke kama hasken. Wanda ya gane yadda ukun nan ke auna juna, ya samu makullin sana'ar.

Sai zaman duba hotuna, wanda shi ne zuciyar ƙungiya. Kowa ya kawo aikinsa, a haska shi a bango, jama'a su faɗi abin da suka gani: kai ya yanke, inuwa ta cinye fuska, itace ya tsiro daga kan amarya. Mai hoto ya haɗiye, ya koma ya sake. Wannan zama yana da wuya ga mai girman kai, amma a nan ido ke buɗewa, domin mutum ba ya ganin aibin abin da hannunsa ya yi.

Masu son tsohuwar hanya kuma sukan shiga ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila. Ana haska takarda, a tsoma ta cikin kwano na farko, sai sura ta fito sannu a hankali kamar mai tasowa daga hazo. Kwano na biyu ya tsayar da aikin magani, na uku ya kafe surar, sannan a wanke da ruwa a shanya. Hoto guda yakan ci wa mutum yammaci sukutum.

Shekara takan ƙare da babbar kasuwar hoto ta Bièvres, wadda ƙungiyar ta soma a 1964, ake kuma ci a farkon watan Yuni. Filin gidan magajin gari ya cika da rumfuna, dillalai su zo daga ƙasashe dabam-dabam, a baje tsofaffin na'urori da gilasai da hotunan mutanen da ba wanda ya san sunansu. Ana taya, ana albarka, kamar a kowace kasuwa. Membobin da suka yi rajista a Satumba su ne ke ɗaukar nauyin shirin, ba tare da albashi ba.

Waɗannan hotuna marasa suna su ne abin lura. A yau kowa na da na'ura a aljihu, ana ɗaukar hoto ba adadi, amma waya na faɗuwa a ruwa shekaru su tafi da ita. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya kama rayuwar matasan birnin a shekarun 1960 da 1970, aikinsa kuma ya zama shaidar wani zamani da ya shuɗe. Irin wannan shaida tana nan kwance cikin adakar gidaje da yawa daga Tawa zuwa Damagaram: hoton aure, na dawowa daga hajji, na ranar kama aiki, gara da danshin damina suna cin su.

Mutanen Bièvres sun fara da abin da wasu suka zubar. Mai karatu da ke da irin wannan ajiya yana iya farawa da abu mai sauƙi: ya fito da ita, ya kakkaɓe, ya rubuta suna da wuri da shekara a bayan kowane hoto, tun tsofaffin da suka san fuskokin suna raye.